Ɗanmaraya Jos: Rayuwar mawaƙin da ya tsaya wa masu sunan raini

Duk wanda ya taɓa tsayawa da sassafe a Tina Junction, mahaɗar da ke kan titin Bauchi Ring Road a birnin Jos, ya san cewa kafin ma'aikacin ofis ya ɗaura agogonsa akwai waɗanda suka daɗe da fara aiki. Sanyin tsaunin Filato na ratsa ƙashi, amma samari na rataye a ƙofar bas suna kiran fasinja da dasasshiyar murya, masu Keke Napep sun jeru suna ɗumama inji, mai faci ya shimfiɗa kayansa, mai shayi kuma ya riga ya hura wuta. Fasinja kan miƙa kuɗi ya karɓi canji ba tare da ya dubi fuskar wanda ya miƙo masa ba. In an tambaye shi wane ne wannan yaro, sai ya ce ai karen mota ne, ko ɗan tasha. Da wannan suna an gama yanke wa yaron hukunci: mara kunya ne, mai zafin baki, mai shaye-shaye, wanda ba a ba shi ajiya, balle a ba shi 'ya.

A wannan gari aka yi wani mutum da ya shafe rayuwarsa yana jayayya da irin wannan hukunci, kuma makamin da ya riƙe bai wuce gwangwanin kifi da tsirkiya ɗaya ba. Shi ne marigayi Dokta Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu ranar 20 ga Yuni, 2015. An san shi a matsayin ɗaya daga cikin manyan mawaƙan Hausa na ƙarni na 20, amma abin da ya bambanta shi da takwarorinsa shi ne irin mutanen da ya zaɓa ya waƙe, da kuma dalilin da ya sa ya san su sanin da mai kallo daga nesa ba zai yi musu ba.

Garin kuza da zaman bariki

An haifi Adamu Wayya a shekarar 1946 a Bukuru, garin da ke kimanin kilomita 15 kudu da Jos. Bukuru ta wancan lokaci garin kuza ce. Tun farkon shekarun 1900 kamfanonin Turawa suka fara haƙar wannan ma'adini a tsaunin Filato, ƙaramin layin dogo ya iso daga Zariya a 1914, babban layi kuma ya biyo ta Kafanchan a 1927. Jirgin da ke fita da kuza shi ke shigowa da mutane: Hausawa daga Kano da Katsina da Sakkwato da Zazzau, Barebari daga Borno, Yarbawa da Ibo da Urhobo daga kudu, duk suka tarar da Birom da Afizere da Anaguta da sauran al'ummun da ke zaune a tsaunin. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan Japan ta ƙwace Malaya a 1942 Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai gwamnatin mulkin mallaka ta shiga kwaso dubban mutane da ƙarfi daga lardunan Arewa zuwa ramukan Filato. Talakawa suka sa wa wannan aikin tilas suna diban gwamna, kuma mutane da yawa sun mutu saboda sanyi da yunwa da cuta kafin a dakatar da shi a 1944, shekara biyu kafin haihuwar Adamu.

Sansanonin da leburori ke zaune su ake kira bariki, kuma daga nan kalmar ta ɗauki wata ma'ana ta dabam a bakin Bahaushe. A ƙauyukan da leburorin suka baro, in an ce wane ɗan bariki ne, ana nufin ya watsar da tarbiyyar gida, ya rungumi caca da giya da goge da matan da ke zaman kansu. Akwai gaskiya a cikin zancen, domin ranar biyan albashi a sansanin kuza ba ta rasa waɗannan abubuwa. Sai dai a barikin nan ɗaya akwai masallaci da makarantar allo, akwai mai tuwo da tela da wanzami, akwai magidancin da ke tara sule-sule don ya biya haraji ya aika wa iyayensa abin sayen hatsi. Sunan ya haɗiye su duka. A cikin irin wannan cakuɗa Adamu ya buɗe ido, inda mutane daga ko'ina suke zaune kafaɗa da kafaɗa, kowa da sunan da waɗansu suka laƙaba masa.

Maraya kuma ɗan makaɗi

Mahaifin Adamu makaɗi ne a fadar sarkin al'ummar Hausawan Bukuru. Ya rasu jim kaɗan bayan haihuwar yaron, mahaifiyar ma ta bi shi tun Adamu yana jariri. Sarkin ne ya ɗauki yaron ya riƙe shi a gidansa. Daga nan sunan Ɗanmaraya ya samo asali. A al'adar Hausa kalmar maraya tana jawo tausayi, amma tana kuma tuna wa mai ita cewa ba shi da bangon jingina. Mutane da yawa kan so a manta da irin wannan suna da zarar sun girma sun kama ƙasa. Adamu ya riƙe shi har ya danne sunansa na yanka, ya kuma haɗa shi da sunan garin da ya zauna.

Suna na biyu da ya gada shi ne maroƙi. A tsarin zaman Hausawa na gargajiya sana'a gado ce, kuma kowace sana'a da matsayinta. Masu sarauta da malamai da attajirai suna sama. Masanin zamantakewa M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya rubuta cewa makaɗa da maroƙa da mahauta suna cikin rukunin da ake ajiyewa a can ƙasa. Abin mamaki a nan shi ne al'umma ba ta iya yin komai ba tare da su ba. Ba a naɗa sarki sai da tambari da algaita, ba a gayyar noma sai da ganga, biki da suna kuma ba sa armashi in babu kalangu. Ana yi wa maroƙi kyautar riga da doki, ana tsoron harshensa saboda zambo da habaici, amma in ya zo neman aure a gidan da ya sha yabo, sai a tuna masa asalinsa. Ana ce masa maƙaryaci, mai kwaɗayi, mai cin gumin wasu. Yaron da ya tashi a fada yana ganin yadda ake tafa wa makaɗi da rana a kuma yi da shi da dare, ya san tun da wuri tazarar da ke tsakanin sunan da ake kiran mutum da shi da ainihin abin da mutumin yake yi.

Gwangwani da tsirkiya ɗaya

Tun yana ƙarami Adamu ya nuna sha'awar kiɗa, yana bin makaɗan garinsu yana saurare. A wata tafiya da ya yi zuwa Maiduguri tun bai balaga ba, ya ga masu kaɗa kuntigi, abin ya shiga ransa, ya haɗa nasa da hannunsa. Daga ranar bai sake rabuwa da shi ba.

Kuntigi shi ne ƙaramin cikin kayan kiɗan tsirkiya na Hausa, ƙanen molo da garaya da gurmi. Akan samo gwangwanin kifi mai siffar ƙwai, a rufe bakinsa da fatar akuya, a soka masa siririn itace, a ɗaura tsirkiya guda. Kuɗin haɗa shi bai taka kara ya karya ba, kuma yana shiga aljihun babbar riga. Wannan zaɓi ya raba Ɗanmaraya da tsarin da manyan makaɗa suka saba da shi. Narambaɗa da Ɗanƙwairo suna tafe da kotso da ayarin 'yan amshi, Mamman Shata yana da 'yan kalangu da masu karɓi da sanƙira. Ayari irin wannan yana buƙatar ubangida mai hali da zai ciyar da shi. Mai kuntigi kuwa shi kaɗai ne: shi ke kiɗa, shi ke waƙa, shi ke yi wa kansa amshi da yatsunsa. Yana maimaita zubin kiɗa ɗaya cikin sauri, in ya fara rera baiti sai ya karkatar da sautin tsirkiyar ya bi muryarsa. Wanda ba shi da bakuna goma da zai ciyar yana da 'yancin zaɓen wanda zai yaba, kuma Ɗanmaraya ya yi amfani da wannan 'yanci.

Waƙoƙinsa gajeru ne, mafi yawansu mintoci kaɗan, harshensu kuma Hausar kasuwa da tasha ce wadda Bahaushe da wanda ya koyi Hausa a bariki duk suke ganewa. Hakan ya dace da zamanin faifan garmaho da rediyo. Da aka buɗe gidan rediyon Kaduna a 1962, muryar mawaƙi ta fara isa garuruwan da ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba, kuma ta Ɗanmaraya na cikin waɗanda suka fi cin moriyar wannan sauyi.

Karen mota

Waƙar da ta fara fito da shi, wadda har yau da yawa ke ganin ita ce mafi shahara, ita ce Waƙar Karen Mota. Don a gane nauyin abin da ya yi, sai an tuna wane ne karen mota a shekarun da gingimari ke mulkin hanyoyin Arewa. Yaro ne da ya bi direba don koyon tuƙi, sau da yawa ba tare da albashi ba, sai ɗan abin da maigida ya ga dama ya ba shi. Shi ke lodi da sauke kaya, shi ke ɗaure tamfol, shi ke ɗebo ruwan lagireto. In taya ta fashe a daji shi ke shiga ƙarƙashi da jak. In mota ta ƙi tashi shi ke turi. A hawa mai tsanani irin Hawan Kibo da ke kan hanyar Jos zuwa Akwanga, shi ke dirowa da waigi a hannu ya cusa a bayan taya don kada motar ta koma da baya da rayukan da ke cikinta. Da dare direba ya tafi masauki, shi kuma ya kwana a gindin mota yana gadin kayan mutane. Bayan shekaru, in Allah Ya taimake shi, ya sami lasisi ya zama direba, shi ma ya ɗauki nasa yaron.

Sunan da al'umma ta ba wannan ma'aikaci shi ne kare, dabbar da Bahaushe ke kora daga bakin ƙofa. Tufafinsa baƙi ƙirin da man inji, muryarsa a dashe, maganarsa ta tasha ce, don haka aka gama da shi. Ɗanmaraya ya ɗauki salon yabo, wanda aka tanada domin sarakuna da masu dukiya, ya juya shi ga wannan yaro. Ya ambaci aikinsa na yau da kullum, wato ɗora fasinja da sauke su, canza taya da tura motar da ta lalace, a matsayin abin da ya isa a yi wa mutum kirari a kansa. Bai canza masa suna ba. Ya bar sunan yadda yake, ya cika shi da bayanin wahala da juriya, har wanda ake kira da shi ya ji zai iya amsawa ba tare da sunkuyar da kai ba.

Ba shi ne farkon mawaƙin Hausa da ya waƙe mutanen gefe ba. Ɗan Anace ya yi wa 'yan dambe, Kassu Zurmi ya yi wa 'yan tauri, Gambu kuma ya shahara da waƙar ɓarayi. Sai dai waɗannan makaɗan rukuni ne, suna zuga jarumansu a fagen da 'yan rukunin suka taru. Ɗanmaraya yana magana ne da fasinjan da ke zaune a gaban mota, yana nuna masa wanda ke rataye a baya.

Lebura, amarya da soja

Haka ya ci gaba. Ya yi wa lebura waƙa, a garin da aka gina da gumin leburori. A Mai Akwai da Babu ya dubi zaman mai hali da mara shi. Ya shiga cikin gida ya waƙe aure: Jawabin Aure ta jero matsalolin da saki ke haifarwa tana jan hankalin ma'aurata su sasanta, Auren Dole ta soki iyayen da ke ɗaura wa 'ya aure da wanda ba ta so, Gulma Wuya kuma ta fallasa yadda magulmatan unguwa ke haɗa baki da boka su raba mace da mijinta. A cikin waɗannan waƙoƙi yakan sauya murya ya zama uwa, ya zama 'ya, ya zama magulmaciya, kamar mai wasan kwaikwayo shi kaɗai. Yarinyar da ta gudu daga auren dole a wancan zamani sau da yawa bariki take faɗawa, kuma daga ranar sunanta ya zama karuwa. Mawaƙin da ya tashi a garin bariki ya san inda labarin irin waɗannan mata yake farawa, shi ya sa ya kai ƙarar gidan iyaye.

Da Yaƙin Basasa ya ɓarke a Yulin 1967, Jos ta riga ta zama hedikwatar sabuwar Jihar Binuwai da Filato, kuma shugaban ƙasa na lokacin, Yakubu Gowon, ɗan asalin yankin ne. Ɗanmaraya ya yi waƙoƙi da dama na ƙarfafa gwiwar sojojin tarayya, yana zana abin da ke faruwa a fagen daga, har yaƙin ya ƙare a Janairun 1970. Wannan ya kusanta shi da hukuma, ya kuma sa sunansa ya wuce iyakar masu jin Hausa. Shi ma, kamar kowane maroƙi, ya yabi manya ya karɓi kyautarsu, domin da roƙo yake ci. Amma in aka auna abin da mutane suka riƙe daga gare shi, waƙoƙin talakawa ne suka fi nauyi a sikeli.

Baƙaƙen tufafi a wata ƙasa

Ɗabi'ar yanke wa rukunin mutane hukunci daga tufafinsu da kiɗan da suke saurare ta zaga duniya, kuma wani misali daga Ingila yana ƙara haska abin da Ɗanmaraya ya yi. A ƙarshen shekarun 1970, lokacin da kaset ɗinsa ke yawo a tashoshin Arewa, wasu matasa a biranen Ingila suka fara taruwa a kan wani salon kiɗa mai sanyi da alhini, wanda ke yawan ambaton mutuwa da kaɗaici. Ana ɗaukar faifan da ƙungiyar Bauhaus ta fitar a 1979 a matsayin mafarin salon, kuma gidan rawa na Batcave da aka buɗe a Landan a 1982 ya zama matattararsu. Suna sa baƙaƙen kaya daga sama har ƙasa, maza da mata suna rambaɗa kwalli, suna rina gashi baƙi. 'Yan jarida suka sa musu suna Goth. Da yawa daga mawaƙan sun ƙi sunan, amma mabiyan suka karɓe shi suka mai da shi nasu, har suna taron shekara-shekara a Leipzig ta Jamus tun 1992 da Whitby ta Ingila tun 1994.

Mutanen gari kuwa suka ce matsafa ne, masu bautar Shaiɗan, masu neman kashe kansu. Bayan harbin da aka yi a makarantar Columbine ta Amurka a Afrilun 1999, kafofin labarai sun yi gaggawar danganta maharan da 'yan Goth, daga baya ta bayyana ba haka ba ne. Masanin zamantakewa Paul Hodkinson, wanda shi kansa ɗan cikinsu ne, ya wallafa littafi a kansu a 2002, kuma bincikensa ya nuna mutane ne masu karatu da aikin yi, waɗanda da yawansu ke ci gaba da shigarsu bayan sun yi aure sun haihu. Duk da haka, a Agustan 2007 wasu matasa suka far wa wata budurwa 'yar shekara 20, Sophie Lancaster, da saurayinta a wani lambu a garin Bacup saboda shigarsu, ta rasu bayan kusan mako biyu a asibiti. A 2013 rundunar 'yan sandan yankin Manchester ta fara rubuta irin wannan hari a cikin laifukan ƙiyayya.

Akwai bambanci a fili. Ɗan Goth shi ya zaɓi baƙin tufafinsa, karen mota kuwa talauci da man inji ne suka rina nasa. Inda suka haɗu shi ne mai kallo daga waje yana ganin rigar, ba ya ganin yinin mai rigar. Nijeriya ma ta ɗanɗana wannan a baya-bayan nan: cikin koke-koken da suka haifar da zanga-zangar EndSARS a Oktoban 2020 akwai tare matasa a hanya saboda tara gashi, ko zanen jiki, ko riƙe kwamfuta da waya mai tsada. Maganin da Hodkinson ya kawo da littafi, wato bayyana yadda mutanen ke rayuwa daga safe zuwa dare, shi Ɗanmaraya ya riga ya kawo da kuntigi shekaru da dama kafin haka.

Daga bakin tasha zuwa zauren jami'a

Zamani bai tsaya wa makaɗa wuri ɗaya ba. A 1978 aka kafa ƙungiyar Izala a cikin garin Jos ƙarƙashin Sheikh Isma'ila Idris, kuma wa'azinta ya soki almubazzaranci da kaɗe-kaɗe a bukukuwa, abin da ya rage wa maroƙa da yawa kasuwa a faɗin Arewa. A 1985 farashin kuza ya faɗi a kasuwar duniya, sana'ar da ta gina Bukuru ta durƙushe, aka bar tsaunin da tafkunan tsofaffin ramuka. Daga shekarun 1990 kuma finafinan Hausa da kiɗan fiyano suka janye kunnen matasa. Ɗanmaraya ya tsallake waɗannan sauye-sauye, kuma wani ɓangare na dalili shi ne yawancin waƙoƙinsa nasiha ce da malami da ɗan boko za su iya saurara a gaban 'ya'yansu.

Girmamawa ta biyo baya. Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar girma ta MON, Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa na dokta, kamar yadda Jami'ar Ahmadu Bello ta yi wa Shata a 1988. Ya kai kuntigi ƙasashen waje yana wakiltar Nijeriya. Masana sun zauna a kan waƙoƙinsa: Russell Schuh na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ya yi nazarin karin waƙoƙinsa uku na aure, Graham Furniss na Jami'ar Landan kuma ya tattauna aikinsa a littafinsa na 1996 kan adabin Hausa, ban da ɗimbin kundayen digiri a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato. Ɗan makaɗin da tsarin gargajiya ya ajiye a ƙasa ya zama abin karantarwa a aji. Sai dai hular dokta a kan mutum ɗaya ba ta ɗaga sana'ar gaba ɗaya ba. Ƙananan maroƙan da ke bin gidajen biki sun ci gaba da fuskantar kallon da aka saba yi musu.

Garin da ya rabu

Shekarun ƙarshe na rayuwarsa sun zo daidai da lokacin da Jos ta shiga mawuyacin hali. Rikicin da ya ɓarke ranar 7 ga Satumba, 2001 ya ci rayuka masu yawa. Na Nuwamban 2008 ya biyo bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, na Janairun 2010 kuma ya taso daga yankin Dutse Uku, maƙwabciyar Tina Junction. Babbar kasuwar Terminus ta ƙone a 2002. Unguwannin da a da suke cakuɗe suka rabu bisa addini, mahaɗu irin su Tina Junction suka zama sunayen da ake ji a labarai duk lokacin da hankali ya tashi, direbobi da masu Keke suka koyi inda za su tsaya su juya. A ƙarƙashin rikicin akwai tsohuwar muhawarar ɗan ƙasa da baƙo, wadda ke bayyana a takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, takardar da duk mai neman aikin gwamnati ko gurbin karatu ya san nauyinta. Kowane ɓangare ya ƙera wa ɗaya sunan raini, kuma an kashe mutane da yawa waɗanda makasansu ba su san komai game da su ba sai wannan suna.

Ɗanmaraya bai bar Jos ba. Mutumin da aka haifa a Bukuru, ya ɗauki kuntigi daga Borno, ya yi waƙa da Hausar da Birom da Ngas da Ibo mazauna garin suke ji, ya ci gaba da zama a garin da sunansa ke manne da nasa. Ga mutane da yawa a faɗin Afirka ta Yamma, daga Yamai zuwa zangon Kumasi, kafin su san Jos da rikici sun san ta da muryarsa.

Rasuwarsa da abin da ya bari

Ya rasu a Jos ranar Asabar, 20 ga Yuni, 2015, a farkon watan Ramadan na shekarar 1436 ta Hijira, bayan fama da rashin lafiya, yana da kimanin shekara 69. Manyan ƙasa sun aika da ta'aziyya, gidajen rediyo sun yi ta maimaita waƙoƙinsa. Kuntigi kuwa bai sami wanda ya kai shi inda Ɗanmaraya ya kai shi ba, kuma masu kaɗa shi a yau kaɗan ne.

Mutanen da ya waƙe suna nan, sai dai sunayen sun sauya. Gingimari ta ba tirela wuri, karen mota ya zama kwandasta ko yaron mota, an sami ɗan acaba da mai Keke da ɗan bola jari da mai turin ruwa. Su ne ke kwaso ma'aikata daga Nyanya da Mararaba da Kubwa da Zuba zuwa Sakatariyar Tarayya kowace safiya, kuma a cikin ofisoshin akwai direba da masinja da mai shara da mai gadi, waɗanda sau da yawa ake kira da sunan aikinsu shekara da shekaru ba tare da an san sunan da iyayensu suka raɗa musu ba. A teburan ofisoshin nan ake rubuta takardun da ke hana sana'a shiga gari, ko tashin tasha, ko rushe kasuwa, kamar yadda aka hana acaba a tsakiyar Abuja a 2006. Irin wannan mataki yana iya zama dole saboda tsaro ko tsari. Amma takardar da aka rubuta bayan an san ƙarfe nawa mutum ke tashi, nawa yake samu, bakuna nawa yake ciyarwa, takan bambanta da wadda aka rubuta daga sunan da aka ji ana kiransa da shi. Ɗanmaraya ya yi shekara fiye da 50 yana tattara irin wannan bayani yana rera shi, kuma faya-fayansa suna nan ga duk mai son saurare.

Allah Ya jiƙan Adamu Ɗanmaraya Jos, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya zaunar da garinsa lafiya.